Allurar da Ke Kwanciya Ƙasa da Sifili

An daɗe ana ce mini mai taurin kai, ban kuma taɓa musawa ba. Amma sau ɗaya tak taurin kan ya raba ni da aikin da nake so, kuma a kan wata 'yar allura ce da ba ta kai tsinken sakace tsawo ba. Har yanzu idan na haɗu da tsofaffin direbobin ma'aikatarmu a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, sai an sami mai tsokanata da ita. Nakan yi dariya don zumunci, amma a raina ban taɓa ɗaukar abin da wasa ba.

Ni ɗan makiyaya ne daga wani ƙauye a ƙasar Miga. Shanunmu sun yi ta raguwa har mahaifina, da muke kira Baffa, ya koma riƙon fartanya, ni kuma na bi motar haya na koyi tuƙi. Da aka yanke mana sabuwar jiha aka ce Dutse ce babban birni, sai ga ma'aikatu sun fi direbobi yawa. Dutsen lokacin kuwa ba wannan da kuke gani ba ce. Ofisoshi a gidajen aro suke, manya da yawa a Kano suke kwana, su shigo da hantsi su fice kafin La'asar. Aka ɗauke ni a sashen lafiyar dabbobi, ina jin don an ga ba zan ji tsoron ƙaho ba.

A nan na tarar da motar. Wani shirin kiwo ne na Turawa ya cika wa'adinsa ya bar ta, doguwa, ruwan toka, mai shan fetur, mai turbo. Turbo ɗin nan ba wani abin al'ajabi ba ne. 'Yar fanka ce da hayaƙin injin ke juyawa, ita kuma ta riƙa cusa masa iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. A gefen sitiyari an ɗaura wani ɗan agogo da bai fi murfin gwangwanin madara ba. Sifili na sama a tsakiyarsa, akwai zane-zane ta dama, akwai ta hagu. Da ka tayar da injin, sai allurar ta faɗi can hagu, ƙasa da sifili, ta kwanta.

Wannan kwanciyar ce ta ba ni motar. Tsofaffin direbobi duk sun leƙa, sun ga allura ƙasa da sifili, suka ce ai wannan da ciwonta ta zo. A saninsu agogon mota in ya sauka ƙasa, wani abu ne ya ƙare, ko mai ko ruwa ko batir, balle a ce har ya wuce sifili. Babu wanda ya yarda a rataya masa gawa. Sai aka juyo kan sabon ɗauka, ɗan Fulanin da bai san yadda ake ƙin abu a ofis ba tukuna.

Injiniyan shirin, wani mutumin kudu, a ranarsa ta ƙarshe ya tsaya da ni minti biyar da Hausarsa ta kasuwa. Ya ce in allura ta haura dama, turbo ne ke tura iska. In tana hagu, injin ne ke zuƙa da ƙarfin kansa, kuma gwargwadon lafiyarsa gwargwadon zurfin zuƙar. Ya ce kowa dama yake son kallo, don can gudu yake, amma mai son motar ta daɗe hagu zai sa wa ido. Iyakar karatun da aka yi mini ke nan, sauran a hanya na koya.

Ban sha wuyar koyo ba kuwa. Na taso ina ganin Baffa kowace safiya yana zagaya garke kafin a kwance shanu, ba ya taɓa ko ɗaya, cikinsu kawai yake kallo yana shiga yana fita. A numfashi yake gane wadda ba za ta fita kiwo ba ran nan. Haka na mai da motar. In injin ya yi ɗumi yana silo, wato yana aiki mota na tsaye, allurar a kan zane na huɗu take kwanciya ta hagu, ko motsi ba ta yi. In na gangaro daga wajen duwatsu na ɗauke ƙafa daga totur, ta ƙara nutsewa. In na kunna na'urar sanyi, ta ɗan ɗago. In na taka a miƙaƙƙiyar hanya, ta taso ta ƙetare sifili, motar ta yi wani huci ta miƙe. A shekarun wahalar mai, da muke sayen na galan a bakin titi, ita ce ke fara gaya mini an yi wa fetur haɗi, sai ta kama karkarwa tun ban bar wurin ba. Sau biyu ta nuna mini tiyo ya tsage tun kunne bai ji ba. Mun shiga rugage da motar nan ta hanyoyin da ko jaki sai ya yi shawara, mun kai rigakafi har inda ba a taɓa ganin taya ba, kuma kullum da ƙafarta take dawowa.

Bakaniken ma'aikatar wani Babarbare ne, abokin wasana, don haka kullum sai mun taɓa. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce kakana ne ya sayi kakansa da ƙwaryar nono, har aka ba shi canji. Mutumin kirki ne, hannunsa na da albarka a kan tsofaffin motoci, amma yana da aƙida ɗaya: duk abin da bai gane ba a cikin injin, to Bature ya sa shi ne saboda sanyin ƙasarsu, a nan ba shi da amfani. Yana da akwati guda cike da irin waɗannan abubuwa da ya ciccire. Ya daɗe yana zawarcin turbo ɗina da agogon. Na ce masa ranar da ya sa sufana a kansu, ranar wasan da ke tsakaninmu zai ƙare.

Daraktan sashenmu na tuƙa shekara tara. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Yana zama a baya da jaridarsa, ba ya sa mini baki a tuƙi, in Sallah ta zo ya tuna da iyalina. Yana alfahari a gaban 'yan uwansa daraktoci cewa motarsa ba ta taɓa kwana a hanya ba. Bai taɓa tambayar dalili ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Sai shekarun shari'a suka zo. A nan ma ina so a fahimce ni. Ina cikin waɗanda suka yi murna, na yi kabbara har muryata ta dushe. Amma a kowane ofis an sami mutum ɗaya ko biyu da suka ɗauki abin tamkar sanda aka miƙa musu. Namu shi ne jami'in kula da motoci, sa'ana ne, tare aka ɗauke mu. Dare ɗaya ya zama mai gyara wa kowa alwala. Ni kuma ina da wata al'ada da ta tsone masa ido. In na dawo daga doguwar tafiya ba na kashe injin nan take, sai na bar shi minti biyu turbo ya huce, ina kallon allura ta koma mazauninta. Wani lokaci a tayar da sallar Azahar ina zaune a mota, in rasa raka'ar farko. Ya yi mini magana sau biyu, na ce masa in injin ya ƙone ba shi zai amsa tambaya ba. Tun daga nan ya ƙullace ni.

Wata safiya da damina ta ja baya, na tayar da mota na ga allurar ba ta kai zane na huɗu ba, ta tsaya tsakanin na uku da na huɗu. Na taka birki zan sa giya, sai ta taso wajen sifili ta ƙi komawa, injin ya kama tari, na kuma ji wani siririn huci a ƙarƙashin ƙafata. Na saki birki, ta koma. Na sake takawa, ta sake tasowa. Na san inda abin ya dosa. Bayan birki akwai wata baƙar tukunya ta ƙarfe, da zuƙar injin take aiki, ita ce ke ara wa ƙafar direba ƙarfi. In ta fara shan iska, a cikin gari ba za ka gane ba, don kana tafe a hankali injin na ta zuƙa yana cike giɓin. Amma a buɗaɗɗiyar hanya, in turbo ya daɗe yana turawa, babu sauran zuƙar da ke ajiye. Ran nan da yamma na fita hanyar Kiyawa ni kaɗai na gwada. Na yi gudu mai ɗan tsawo, na taka birki, na ji kamar dutse na taka. Motar ta tsaya, amma can gaba da inda na nufa, da nisan da ya isa a yi ɓarna.

Na gaya wa bakanike. Ya shiga ya zagaya sakatariya sau biyu a giya ta biyu, ya taka birki har tayoyi suka yi ƙara, ya fito yana dariya ya ce ɗan Fulani ya sha nono ya yi mafarki. Na roƙe shi mu fita babbar hanya, ya ce mai na wuya. Na gaya wa jami'in motoci, ya ce bakanike ya duba ya ce lafiya, shi ke nan, kuma irin tukunyar sai Kano, ba wanda zai tura mutum Kano a kan maganar allura. Darakta kuwa ba ya son a tsallake na ƙasa a kai masa magana. Kwana huɗu ina lallaɓa motar daga gidansa zuwa ofis, ina rage gudu da giya, ina jiran ranar da zan gan shi cikin nishaɗi in sako zancen. Wannan jiran shi ne kuskurena, kuma shi kaɗai na yarda na yi.

Rana ta biyar na je ɗaukarsa na tarar an fito da akwatuna ƙofar gida. Hajiya, mai ɗakinsa, za ta kai yara huɗu hutu gidan iyayenta can gaba da Kiyawa, kuma ranar kasuwar Shuwarin ce. Wanda ya san hanyar nan ranar kasuwa ya san abin da nake nufi: amalanke, kekuna, babura da buhuna, ga shanun da ake korowa su faɗo titi ba sallama. Yaran har sun shige baya suna rigimar wanda zai zauna gefen taga. Ƙaramarsu ni nake kai ta makaranta tun tana kuka in an sauke ta, Baba direba take ce mini. Na kashe injin, na zare makulli, na je na durƙusa gaban Darakta na ce birki ba shi da lafiya, ba zan hau babbar hanya da yaran nan ba.

Ya ce ba an ce bakanike ya duba ba? Na ce a cikin sakatariya ya duba. Ya ce to ni yaya aka yi na fi bakanike sani? Na nuna masa agogon ta taga. Ya dubi agogon, ya dube ni, ya dubi Hajiya da ke tsaye da jaka a hannu, ya ce in tashi in ja mota. Na ce ba zan ja ba. Ya maimaita, na maimaita, kuma a karo na uku muryata ta fi tasa tashi, har maƙwabta suka fara leƙe. Ban ji daɗin wannan ba, amma ban tashi na ja ba.

Aka aika aka kira jami'in motoci, ya zo da wani direban. Na miƙa makulli, na ja direban gefe na ce ya yi wa Allah kada ya wuce giya ta uku, ya riƙa kama birki tun daga nesa. Ya yi kamar bai ji ba. Suka tafi. Na wuni a rumfar direbobi ban iya cin komai ba, duk motar da ta shigo sai na miƙe. Direban ya kai su lafiya, ya dawo lafiya kafin La'asar. Na gode wa Allah da zuciya ɗaya, na kuma san a idon kowa na zama maƙaryaci. Na tambaye shi a wane gudu ya tafi, ya ce wannan ba matsalata ba ce.

Da a nan abin ya tsaya, da takardar tuhuma ce kawai, in amsa, a ja mini kunne. Amma jami'in motoci ya sami abin da ya daɗe yana nema. Ya fara a rumfa, ya kai har masallacin sakatariya. Ya ce mutum ya tashi da safe ya dubi allura, ya ce yau a yi tafiya, yau kada a yi, in ba duba irin na bokaye ba mene ne wannan? Ya ce ai dama mutanen daji haka suke, kukan tsuntsu ma hana su tashi yake yi. Ya ce wanda ke barin raka'a saboda allura, a bincika a ga wa yake dogara da shi. Kafin sati ya zagayo, na shiga sahu na ji wanda ke gefena ya ɗan janye kafaɗarsa.

Wannan ya yi mini ciwo fiye da makullin. A ce mini ban iya tuƙi ba, sai in yi dariya. Amma ni da Baffa ya sayar da bijimi ya kai ni gaban malam, ni da na yi izu ashirin kafin in taɓa sitiyari, a ce ina duba? Na yi niyyar in shaƙe mutumin nan a gaban jama'a, kome zai faru ya faru. Mai ɗakina ce ta riƙe ni da magana, ta ce in na taɓa shi na ba shi gaskiya.

Limamin masallacin dattijo ne, ɗan gidan malamai, yana da makarantar allo a cikin gari da ya gada kaka da kakanni. Kwana da kwanaki bai ce komai ba. Sai wata rana bayan La'asar ya ce a kawo makulli, a kira ni. Motar tana ajiye a gindin darbejiya, an riga an liƙe fuskar agogon da baƙin tef bisa umarnin jami'in motoci. Malam ya sa farce ya ɓare tef ɗin da kansa. Ko keke bai taɓa tuƙawa ba, amma ya tattare babbar riga ya zauna a kujerar direba, ya cire takalmi. Na tayar da injin, na nuna masa inda allurar ta saba kwanciya da inda take yanzu. Na ce ya taka na tsakiya, wato birki. Ya taka, allura ta taso, injin ya yi tari. Ya saki, ya sake takawa, ya sunkuyar da kai yana sauraron hucin. Ya yi haka ya fi sau biyar, jama'a sun kewaye mu.

"Tana gaya maka abin da zai faru gobe?" ya tambaye ni.

"A'a, Allah gafarta Malam. Abin da ke faruwa yanzu take faɗa."

Ya sa takalminsa ya fito. Ya ce wa jama'a wannan ba duba ba ne, daidai yake da uwa ta taɓa goshin ɗanta ta ce da zazzaɓi, kuma wanda ya jefi Musulmi da wannan kalma ya nemi gafara. Jami'in motoci ya sunkuyar da kai, amma bai nemi tawa gafarar ba, ni ma ban tsaya jira ba. Da mutane suka watse, Malam ya riƙe hannuna ya ce saura magana ɗaya: na kunyata babba a ƙofar gidansa a gaban iyalinsa, in je in ba shi haƙuri. Na ce na ji. Washegari na ga an mai da tef ɗin.

Wata guda na yi a rumfa ba mota. Wanda bai yi aikin tuƙi ba ba zai san wannan zaman ba. Ka zo da safe ka sa hannu, ka zauna a benci, kana jin kukan injinka ya wuce a hannun wani, kana jin yadda yake kashe shi da zafinsa. Bakanike ya daina kirana bawansa. Sau biyu ya zo ya ajiye mini goro a gefen benci, ya yi zancen damina da tsadar gero, ya tashi bai ambaci birki ba. Amma zaman rumfa na buɗe ido. Na lura motar ba ta ƙara fita gari ba, daga gida sai ofis. Na lura in Darakta zai je taro Kano, motar wani daraktan yake shiga. Da hutu ya ƙare, tsohuwar a-kori-kurar sashenmu, wadda muke ɗaukar maganin shanu da ita, ita aka tura ta ɗauko Hajiya da yara daga ƙauye. Ita ce kuma ta ci gaba da kai su makaranta kowace safiya, su huɗu a matse a gaba.

A gida mai ɗakina ta sa ni gaba. Ba ta ce ba ni da gaskiya ba. Cewa ta yi gaskiyar ba za ta hana in buɗe baki in ce a yi haƙuri ba, ga yaranmu uku suna makaranta a Dutse, ga shi mun saba da unguwa. Har Baffa ya aiko daga ƙauye cewa labari ya iso shi, in rage zafin kai. Na ce to. Na sa farin kaftanina na nufi ofishin Darakta da niyyar in dawo da makullina, Allah ya sani da wannan niyyar na je.

Makullin na kan teburinsa, da 'yar igiyar fatar da na ɗaura masa da hannuna. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi a ƙofar gidansa, kuma har zuciyata na faɗa. Ya ce ya wuce. Ya ce shi ma bai ji daɗin maganar duba ba. Sannan ya turo mini takarda da biro. Layi biyu ne aka buga, cewa motar lafiyarta ƙalau a ranar, ni ne na yi kuskure. Ya ce in sa hannu a rufe fayil, in ɗauki makullina. Na gane dabarar. In ban sa ba, fayil zai nuna bakanike bai duba da kyau ba, jami'in motoci ya yi sakaci, shi kuma Darakta ya tura iyalinsa ƙauye a motar gwamnati bayan direbanta ya ce birki ba lafiya. In na sa, mutum ɗaya ne ya yi kuskure, kuma shi ne ƙaramin cikinsu.

Na riƙe biron. Ba zan ɓoye ba, na so makullin nan kamar in yi kuka. Amma in na sa hannu cewa lafiyarta ƙalau, gobe ba mai sayo tukunya, jibi kuma a ce in ɗauki wani in hau babbar hanya, ga sa hannuna a fayil. Na ajiye biron.

"Ranka ya daɗe, haƙurin murya na bayar. Wannan kuwa ba zan sa ba, birkin na shan iska."

Ya ce in yi tunani, ina da iyali. A nan ya kamata in yi shiru in fita, wataƙila da an bar ni a rumfa har a manta. Amma bakina bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba.

"Ranka ya daɗe, in lafiyarta ƙalau, me ya sa ake kai yara makaranta a motar maganin shanu?"

Darakta ya ɗago kai ya dube ni. A shekara tara ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, don ba fushi ne kawai a cikinta ba, har da kunya. Ya ja aljihun tebur ya jefa makullin ciki. Ya kira sakatarensa ya ce a bugo takardar canjin wurin aiki, a mai da ni ƙaramin asibitin dabbobi na Miga. Mu biyun mun san ko keke babu a can, balle mota. Aikin da ke jirana shi ne riƙe ƙaho in za a yi wa shanu magani.

Na miƙe na tsaya har aka bugo, ban roƙa ba, shi ma bai dube ni ba. Ya sa hannu. Sakatare ya fita ya ja ƙofa. Sai Darakta ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan tebur.

"Tukunyar nan, a ina ake samunta?"

Na ce a Kano, wajen masu sayar da kayan tsofaffin motocin waje, kuma a tafi da tsohuwar a gwada, don akwai mai kama da ita da ba ta shiga. Na ce a sauya har da ɗan tiyon da ke haɗe da ita, kuma bayan an ɗaura a ɓare tef ɗin a duba, in allura ba ta kwanta a zane na huɗu ba to aikin bai yi ba. Ya juya wata ambulan ya rubuta duk abin da na faɗa, har ya ce in maimaita zane na nawa. Na ɗan jira ko zai yaga takardar canjin wurin aikin. Ya ninke ambulan ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya miƙo mini takardar Miga, na karɓa da hannu biyu.

Da na isa gida mai ɗakina ta dubi hannuna ta ga takarda ce ba makulli ba. Ta shiga ɗaki ta fara sauke kwanuka tana ɗaure kayan ƙaura. Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe ƙaho har na yi ritaya, ban sake taɓa makullin motar gwamnati ba. Da za a sake turo mini biron nan yau, a kan tebur zan sake ajiye shi.